Wace arewa kamfas yake nunawa? Amsa ga wani magini a Damagaram

Wani magini daga unguwar Garin Malam ya turo tambaya. An ba shi aikin aza harsashin ƙaramin masallaci, ya tara wayoyi uku don a fitar da alƙibla, kowace ta nuna nata wajen. A cikin saitin ɗaya daga cikinsu kuma ya ga an ba shi zaɓi tsakanin arewar maganaɗisu da arewar gaskiya. Yana so ya san ko arewa biyu ce, da wadda zai bi, da kuma ko kamfas ɗin hannu da wani alhaji ya kawo tsaraba daga Makka ya fi waya gaskiya.

Ƙanena, sannu da aiki, Allah ya ba da ladan ginin. Awon filaye ne sana'ata, don haka tambayarka ta faɗo gida. Bari in fara kwantar maka da hankali: e, arewa biyu ce, amma a Damagaram ta yau tazarar da ke tsakaninsu kimanin digiri ɗaya ce kawai. Ba ita ta haɗa wayoyinku faɗa ba. Abin da ya haɗa su yana nan jibge a filin aikinka, za mu zo kansa. Duk da haka ya kamata ka san asalin maganar, domin sa'a ce kawai muka taka a wannan gari da wannan zamani, kuma sa'ar ba ta dindindin ba ce.

Arewar gaskiya ba ta da wuyar bayani. Duniya tana juyawa a kan kanta sau ɗaya a kwana guda, kuma akwai wurare biyu da ba sa zagayawa tare da sauran: ɗaya can ƙuryar arewa a tsakiyar teku mai ƙanƙara, ɗaya a ƙuryar kudu. Na arewan nan shi ne arewar gaskiya. Layukan da suka tashi tsaye a jikin taswirar duniya duk can suke haɗuwa, kuma duk lissafin alƙibla daga ita ake ɗaukarsa.

Allurar kamfas kuwa ba ta san da wannan wuri ba. Abin da take ji yana ƙarƙashin ƙafarmu. Idan aka nutsa kimanin kilomita 2,900 cikin ƙasa, za a iske narkakken ƙarfe gauraye da nikel, yana gudana, yana birkima saboda zafi da juyawar duniya. Motsin nan yana haifar da lantarki, lantarkin kuma yana haifar da maganaɗisun da ya lulluɓe duniya baki ɗaya. Tun 1600 wani likita a Ingila, William Gilbert, ya ce duniya kanta ƙaton maganaɗisu ce, ko da yake a lokacin ba a san narkakken ƙarfe ke aikin ba. Arewar maganaɗisu ita ce wurin da ƙarfin nan yake nutsawa ƙasa a tsaye. Wanda ya je can da allura mai iya lilo sama da ƙasa zai ga ta kifa kai, ta nuna tsakanin ƙafafunsa.

Ga inda mutane da yawa suke ɓata, har da waɗanda suka yi lakwal. Ana cewa allura tana nuna wancan wuri, kamar an ɗaura mata zare daga can. Ba haka ba ne. Allura tana kwanciya ne bisa layin maganaɗisun da ya ratsa inda kake tsaye, kuma layukan nan ba miƙaƙƙu ba ne, suna lanƙwasa nan da can. Saniyar da ta kama burtali za ta isa mashaya, amma a kowane taku kanta yana fuskantar inda burtalin ya juya ne a wannan wuri. Shi ya sa ba za ka iya zama da taswira da magwaji ka ja layi daga Zinder, wato Damagaram ɗin nan tamu, zuwa arewar maganaɗisu ka ce ga inda allura za ta nuna ba. Sai an auna a wurin. Tazarar da aka samu tsakanin inda allura ta kwanta da arewar gaskiya ita muke kira karkata, kuma dole a faɗi ɓangarenta: ko ta karkata gabas, ko ta karkata yamma. A nan kimanin digiri ɗaya ce gabas. A Kef Tawun ta Afirka ta Kudu wajen digiri 25 ce yamma. Maginin can da zai bi allura ido rufe, masallacinsa zai kalli wani wuri dabam.

Masanan ƙasar Sin sun riga kowa rubuta wannan. A 1088 Shen Kuo ya lura cewa allurar da aka goga da dutsen maganaɗisu ba ta nuna kudu daidai, tana ɗan kaucewa gabas.

Abu na biyu, kuma shi ya fi ba masu awo ciwon kai: karkatar ba ta zama wuri ɗaya. A Landan an auna ta a 1580 aka samu kimanin digiri 11 gabas. Henry Gellibrand ya sake aunawa a 1634 ya ga ta ragu ƙwarai, daga nan aka gane cewa tafiya take yi. Wajen 1660 ta zama sifiri, ta ci gaba zuwa yamma har ta kai kimanin digiri 24 wajen 1820, sannan ta juyo. Sai a watan Satumba na 2019 allura ta sake nuna arewar gaskiya daidai a Girinic da ke Landan, bayan kimanin shekara 360. Ita kanta arewar maganaɗisu yawo take. James Clark Ross ya taka wurin a 1831 a arewacin Kanada. Da Roald Amundsen ya je a 1904, ya iske ta gusa. Yawancin ƙarni na 20 tafiyar hawainiya take yi, kilomita 10 zuwa 15 a shekara, amma daga shekarun 1990 ta ɗauki gudu har ta wuce kilomita 50 a shekara, ta bar Kanada ta nufi Saberiya ta Rasha. A ƴan shekarun nan ta sassauta zuwa kimanin kilomita 35. Saboda haka ne hukumomin Amurka da Birtaniya suke sabunta lissafin maganaɗisun duniya duk shekara biyar, na baya-bayan nan shi ne na 2025. A farkon 2019 ma sai da suka yi gyaran gaggawa kafin wa'adi ya cika, don gudun ya fi abin da suka yi hasashe. Filayen jirgin sama suna ji a jika, tunda lambar da ake rubutawa a bakin titin jirgi daga kamfas ake ɗauko ta: a 2009 filin Stansted na Landan ya goge 05 da 23 ya rubuta 04 da 22, alhali titin bai motsa ko taƙi ɗaya ba.

Mu ma abin ya shafe mu. Tsofaffin taswirorin Nijar da cibiyar taswira ta Faransa ta buga a shekarun 1950 da 1960, waɗanda har yanzu za ka gan su a akwatunan ofisoshi, suna da ɗan zane a gefe mai kibiyoyi, an rubuta karkatar shekarar da aka yi su. A lokacin allura tana kauce wa arewa da digiri da dama zuwa yamma a wannan yanki. Tun daga nan take dawowa gabas a hankali, kusan digiri ɗaya a shekara goma, har ta tsallake sifiri. Wanda ya ɗauki lambar gefen tsohuwar taswira ya yi aiki da ita yau, gyara ya zo yi amma ɓarna zai ƙara. Rigingimun iyakar gona da yawa a nan suke samo tushe: takarda ta ce iyaka ta tashi daga tsamiya ta nufi digiri kaza, ba a rubuta ko arewar allura ce ko ta gaskiya ba, ba a kuma kula da shekarar da aka auna ba. Jikoki su zo da sabon kamfas, kowa ya rantse an ci masa gona.

A kan ɗan zanen nan za ka ga kibiya ta uku, arewar layukan murabba'in taswira. A wasu garuruwa ita ma tana da nata bambanci, amma Zinder tana zaune kusan daidai kan layin digiri 9 gabas, wanda shi ne tsakiyar shiyya ta 32 a tsarin da masu awo suke aiki da shi. Don haka a nan arewar layuka da arewar gaskiya abu ɗaya ne. Manta da ita.

To, me digiri ɗaya yake jawowa? A tafiyar kilomita ɗaya yana kautar da kai kimanin mita 17. A kilomita 100 ya zama kusan kilomita 2. Ga direban da ya bar Agadas ya shiga hamadar Tenere yana neman rijiya, wannan magana ce ta rai da mutuwa, shi ya sa madugan ayarin gishirin Bilma suka dogara da taurari da sanin ƙasa tun kafin kamfas ya zo hannunsu. Shi ma Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, kamfas da agogo yake riƙe da su yana rubuta kowace kwanar hanya, kuma waɗanda suka zana taswira daga rubutunsa sai da suka yi lissafin karkatar wancan zamani. Amma a bangon masallaci mai tsawon mita 10, digiri ɗaya santimita 17 ne. Bai kai faɗin bulo ɗaya ba.

Alƙiblar Zinder kimanin digiri 71 ce daga arewar gaskiya, idan ka juya ta hannun dama. Wato gabas ce, amma ta hau arewa da digiri 19. Ƙa'idar juyawa ita ce: idan karkata ta gabas ce, ka rage ta daga lambar gaskiya kafin ka nema a kamfas, idan ta yamma ce, ka ƙara. A nan ke nan 70 za ka nema a jikin kamfas ɗin hannu. Yawancin irin waɗannan kamfas ɗin ma tsagin jikinsu digiri biyu-biyu ne, kaurin allurar kaɗai ya cinye bambancin. A waya kuwa ka zaɓi arewar gaskiya, ka buɗe mata wurin da kake, ita za ta yi ragin da kanta daga wancan lissafi da ake sabuntawa duk shekara biyar. Tsakaninmu da Makka kusan kilomita 3,400 ne, digiri ɗaya a wannan nisa ya kusa kilomita 60, saboda haka babu mai saita Ka'aba kanta da kayan hannu. Malamanmu sun daɗe da bayanin cewa wanda yake nesa jiha ake nema gare shi. Wannan fagensu ne, ka tambayi liman. Ni dai nawa shi ne kada kuskuren ya zama na digiri 20 alhali ana iya mai da shi na digiri ɗaya.

Yanzu ga mai laifin. Ka tuna inda kuka tsaya ranar da kuka gwada wayoyin. Ina kyautata zaton rodin ginin yana jibge a gefe, baro da shebur suna kusa, wani ɗan kabu-kabu ya jingine babur yana kallo, ƙila ma akwai shagon mai walda ko turken wuta a bakin filin. Maganaɗisun duniya rarrauna ne ƙwarai. Ɗan maganaɗisun da ke cikin lasifikar rediyo ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba idan allura ta matso shi. Tarin rodi yana iya jan allura digiri 10 ko 20, kuma ba zai yi maka sallama ba: allurar za ta tsaya cak, ta nuna maka ƙarya da natsuwa. Agogon hannu, makullan aljihu, kan ɗamara, kwanon rufi, duk suna taɓa ta. Wayoyi ukun da kuka jera kusa da juna ma kowace tana da maganaɗisu a lasifikarta, suna jan juna. Idan rigar wayar mai murfi ce da ke mannewa da kanta, to maganaɗisu ne a ciki, cire ta. Har ƙasa kanta wani lokaci ba ta da gaskiya, domin akwai duwatsu masu tama a ciki. Ba kowane dutse ba, amma a gari irin namu da gidaje suke jingine da manyan duwatsu kamar na unguwar Birni, ban yarda da awon da aka ɗauka a kan dutse ba sai na gwada shi.

Gwajin kuwa mai sauƙi ne, kuma shi ne abin da nake so ka riƙe ko ka manta da sauran. Kafa fegi biyu na itace, tsakaninsu kamar taku talatin. Tsaya a na farko ka auna na biyu, ka rubuta lambar. Koma na biyu ka auno na farko. Bambancin lambobin biyu dole ya zama 180 daidai. Idan ka samu 70 a tafiya, 250 za ka samu a dawowa. Idan ka ga 243 ko 258, akwai ƙarfe kusa da ɗaya daga cikin fegin, ko a fili ko a binne. Matsa ka sake. Ni nakan bar aƙalla taku ashirin tsakanina da mota, fiye da haka tsakanina da manyan wayoyin wuta, in kuma zube abin da ke aljihuna a hula in ajiye can gefe.

Ita waya tana da ƙarin lalura. Abin da ke cikinta ba allura ba ce, ɗan ƙaramin ma'auni ne da ke zaune tsakiyar batir da ƙarafa, don haka yana rikicewa, sai an riƙa juya wayar a iska kamar ana zana lamba 8 kafin ya dawo hayyacinsa. Ko ya dawo, kuskuren digiri biyar ba abin mamaki ba ne a ƙaramar waya. Ta isa matafiyi ya yi salla a tasha. Ba ta isa a zuba kankare a kanta ba.

Kamfas ɗin alhaji fa? Allurarsa ta fi waya amana idan babu ƙarfe kusa. Matsalarsa ɗan littafin da ke zuwa da shi. Irin waɗannan ba digiri 360 aka raba da yawansu ba, wasu 40 ne wasu 400, kuma kowane gari an ba shi lamba. Lambar nan ta haɗa da karkatar shekarar da aka buga littafin, ga shi ba a cika rubuta shekarar ba. Sau da yawa ma ba za ka ga Zinder a ciki ba, sai mutum ya ɗauki lambar Yamai ko ta Legas ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Akwai kuma wani abu da ba a cika sani ba. A Turai maganaɗisu yana jan bakin allura ƙasa da ƙarfi, don haka masu ƙerawa suke ƙara ɗan nauyi a gindinta. Mu kuwa muna dab da layin da allura take kwanciya shimfiɗe, wanda ya ratsa arewacin Najeriya, kudu da mu kaɗan. Kamfas ɗin da aka yi wa kasuwar Turai yakan ɗan sunkuyar da gindi a nan, har ya goga a ƙasan gidansa. Idan ka ga allura tana tsayawa da wuri kamar ta gaji, ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce ka ga ko za ta gusa.

Shawarata ta gaskiya: ka bar allura ta zama mai shaida, ka ba rana alƙalanci, domin ita babu rodin da ke janta. Amma ba mafitarta ba. Mutane suna cewa gabas ita ce inda rana take fitowa, alhali a Zinder tana fitowa a wajen digiri 66 a watan Yuni, ta gangara har 114 a watan Disamba. Wanda ya aza harsashi da fitowar ranar hunturu ya kauce wa alƙibla da fiye da digiri 40.

Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai bisa Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A agogonmu 10:18 ke nan da 10:27 na safe. A wannan minti duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Kada ka kalle ta da ido. Rataya igiya mai tsawon mita 2 da dutse a ƙasanta, a inda iska ba ta kaɗa ta, bisa daɓen da ka daidaita. Inuwarta za ta ɗan wuce mita ɗaya. Sa alama biyu a kan inuwar, ka ja layi. Daga bakin inuwar zuwa gindin igiyar, nan ce alƙibla. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta ba ya ɓata komai. Na Mayu ya fi tabbas a wurinmu, na Yuli yakan faɗa cikin hadari.

Idan aikin ba zai jira Mayu ba, kowace rana mai haske ta isa. Kafa sanda a tsaye cak a shimfiɗaɗɗen wuri da ka share, ka tabbatar da tsayuwarta da igiya mai dutse. Da hantsi, ka sa ƙusa a bakin inuwarta, ka ɗaura zare a gindin sandar ka zana da'ira da ta bi ta kan ƙusar. Inuwa za ta gajarce, ta shige cikin da'irar, bayan azahar ta sake tsawo. Ka zauna kusa, domin lokacin da bakinta zai sake taɓa da'irar ba ya jira. Sa ƙusa ta biyu a nan. Layin da ya haɗa ƙusoshin biyu shi ne gabas da yamma na gaskiya, ƙusar safe ce take ɓangaren yamma. Ƙara masa tsawo da igiya. Daga fegin da ka zaɓa, auna mita 10 zuwa gabas bisa layin, sannan ka yi kwana ta sak zuwa arewa, da awon uku, huɗu, biyar da ka saba fitar da kusurwar ɗaki da shi, ka auna mita 3 da santimita 44, ka kafa fegi. Igiyar da ta tashi daga fegin farko zuwa wannan ita ce digiri 71. Bangon gaba da sahu za su gitta ta a kwana ta sak.

Abu ɗaya ka kiyaye wajen gane ɓangaren arewa. A makarantu ana koyar da cewa inuwar tsakar rana arewa take nunawa, amma wannan na ƙasashen Turai ne. A Zinder rana tana bi ta saman kai a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗawa. Ka tsaya ƙusar safe tana hagunka, ƙusa ta biyu tana damanka, to arewa ce a gabanka, ko wane wata ne.

Da ka ja igiyar alƙibla, kafin a kawo rodi kusa, ɗauko kamfas ɗin hannu mai digiri 360 ka tsaya a fegin farko ka auna na ƙarshe. Idan ya ba ka tsakanin 69 da 71, rana da allura sun yi shaida ɗaya, sai a fara haƙa. A takardar ginin ka rubuta digiri 71, ka rubuta a gefensa cewa daga arewar gaskiya ne, ka sa kwanan wata da hanyar da aka bi aka fitar, ka ba kwamitin masallacin kwafi ɗaya su ajiye.